Hayayyafar Kifin Beta a Akwatin Gilashi da Abin da Za Ta Koya wa Mutanen Kwarin Rima

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake sa kifin ado da ake kira beta ya hayayyafa a cikin akwatin gilashi a gida, ta kuma auna matakan aikin da zafin bazara da sanyin hunturu na Birnin Kebbi da Argungu. Hujjarta ita ce ƙasar Kabi ta ƙware wajen kamun kifi da sanin halinsa a gulbi, amma hannunta bai faɗa ba tukuna wajen raya ɗan kifi tun daga ƙwai, alhali a nan ribar sana'ar take a duniyar yau. Takardar na ganin beta a matsayin makaranta mai arha ta koyon wannan fanni, kafin a juya ga kifayenmu na gida irin su balli da gartsa.

Gabatarwa



A watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wanda ya tsaya a gaban mutanen wannan ƙasa zai yi maganar kifin da tsawonsa bai wuce santimita 6 ko 7 ba, ba a cinsa, ba a banda shi, dole ya faɗi dalilinsa tun da wuri.

Dalilin shi ne mai kiwon tarwada a Birnin Kebbi ya san inda asararsa take. Ba a wajen manyan kifi take ba, tana cikin makonni biyu zuwa uku na farko bayan ƙyanƙyasa, lokacin da dubban 'ya'ya ke mutuwa a dare ɗaya saboda ruwa ya lalace, ko abinci ya fi ƙarfin bakinsu, ko sanyin asuba ya buge su. Shi ya sa da yawa suka gwammace su sayi 'ya'yan kifi daga nesa. Koyon wannan mataki a kan tarwada na buƙatar allurar Ovaprim, da yanka namiji don a ciro maniyyinsa, da tankuna, da ruwa mai gudana. Beta kuwa na koyar da kusan darasin nan duka a cikin lita 20 na ruwa a kusurwar ɗaki, kuma in an yi kuskure asarar ba ta karya jari.

Asalin kifin

Sunansa na kimiyya Betta splendens, wanda masanin kifi Charles Tate Regan ya raɗa masa a Landan a 1910. Gidansa na asali shi ne gonakin shinkafa da kududdufai da magudanan ruwa na ƙasar Tailan da maƙwabtanta, wato ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai ciyawa, wanda iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa. Duk wanda ya san fadamar Argungu a watan Satumba ya san irin wannan wuri. Na daji ba shi da wani kyau: launin ƙasa-ƙasa da ɗan kore, fikafikai gajeru. Mutanen Siyam, tsohon sunan ƙasar, sun lura cewa maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi faɗa, sai suka riƙa zaɓen masu zafin rai suna haɗa su ana caca. Daga baya zaɓen ya koma kan launi da tsawon wutsiya, aka sami ja da shuɗi da fari da rawaya, da masu wutsiya kamar rabin wata. Wani bincike kan ƙwayoyin gado ya nuna an yi aƙalla shekara 1,000 ana kiwonsa a hannu. A watan Fabrairun 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Cibiyar kiwonsa ita ce lardin Nakhon Pathom, yamma da Bankok. Gonakin can galibi na iyali ne, kuma kayan aikinsu ba su wuce kwatarniyar siminti da dubban tsofaffin kwalabe masu faɗi ba, kowace kwalba da namiji ɗaya. Daga nan ake ɗaure su a 'yan ledoji a tura Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa. Jarin sana'ar a ido da haƙuri yake.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wata gaɓa da ke saman kunnuwan kifin, mai lanƙwashe-lanƙwashe cike da jijiyoyin jini, wadda ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Ba ya buƙatar injin hura iska. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarwada da gaiwa su ma suna shaƙar iska, kowanne da irin tasa gaɓar, don haka abin ba baƙo ba ne ga masunta.

Yadda hayayyafar ke gudana

Ana fara da ware namiji da mace, masu wata 4 zuwa shekara ɗaya, a ciyar da su abinci mai rai na mako ɗaya ko biyu. Macen da ta shirya cikinta kan cika, a ga wani ɗan farin ɗigo a ƙarƙashinsa, in kuma tana da duhun launi sai ratsi-ratsi a tsaye su bayyana a jikinta idan ta hangi namiji.

Akwatin da za a haɗa su ba ya son ado. Ruwa ya tsaya a zurfin santimita 10 zuwa 15, ƙasan akwatin babu yashi babu tsakuwa, domin ƙwan beta nutsewa yake yi, kuma in ya faɗa tsakanin tsakuwa uban ba zai gan shi ba. A saka busasshen ganye mai faɗi ya yi yawo a sama, da 'yar ciyawa inda mace za ta ɓuya. Zafin ruwa ya kasance tsakanin digiri 26 da 28. A saki namiji a ciki, ita kuma a sa ta cikin gorar roba da aka yanke kanta, a tsayar a tsakiyar akwatin, yana ganinta amma ba ya iya taɓa ta.

Daga nan sai namiji ya kama gini. Yakan haɗiyi iska a sama, ya lulluɓe ta da yauƙin bakinsa, ya tofo ta a ƙarƙashin ganyen, ƙwaya bayan ƙwaya, har kumfa ta taru ta yi tudu. Yana gini yana komawa wajen gorar yana baza fikafikai da marfin kunne. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan sheƙar ta yi kauri, sai a saki macen. Zai kore ta, zai cije ta, wani lokaci har ya yaga mata wutsiya. Nan ne mai kiwo ke koyon abin da littafi ba ya koyarwa, wato bambance korar neman aure da korar kisa. Macen da ta yarda takan zo ƙarƙashin sheƙar da kanta a sunkuye. Wadda ta maƙale a lungu, launinta ya kwashe, ratsinta ya koma a kwance, a ɗauke ta tun kafin a yi asararta.

Idan sun daidaita, namiji kan naɗe jikinsa a kanta ya juya ta rigingine, ta saki ƙwai kaɗan, shi kuma ya zuba maniyyi a lokaci guda. Dukansu sukan sandare na 'yan daƙiƙu. Shi ke fara farfaɗowa, ya bi ƙwayayen da ke nutsewa ya tsince su da baki, ya kai su cikin kumfa. Haka za su yi ta maimaitawa na sa'o'i, har ƙwai ya kai ɗari ko ɗaruruwa. Da ta gama sai ya juya mata baya, kuma daga wannan lokaci zamanta a akwatin haɗari ne gare ta. A fitar da ita.

Sauran aikin na uba ne shi kaɗai. Yana gyara kumfar da ta fashe, yana mayar da ƙwan da ya faɗo, yana cinye wanda ya lalace don kada ruɓa ta kama sauran. Cikin awa 24 zuwa 36 ƙwai ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan rataye a jikin kumfa wutsiya ƙasa, suna rayuwa da gwaiduwar ƙwan da ke cikinsu har kwana biyu ko uku. Ranar da suka fara iyo a kwance aikin uba ya ƙare, shi ma a ɗauke shi, in ba haka ba yana iya cinye su.

To, a nan wahalar take farawa, kuma a nan ne darasin da nake nufi yake. Bakin ɗan beta ya yi ƙanƙanta ga duk wani garin abinci na kasuwa, kuma abin da ke motsi kawai yake bi. Abincinsa na kwanakin farko ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani sosai, waɗanda ake renonsu ta hanyar jiƙa ɗan ganyen latas ko busasshiyar ciyawa a kwalba, a ajiye a haske na 'yan kwanaki har ruwan ya yi hazo sannan ya fara washewa. Dole a fara wannan reno tun kafin a haɗa iyayen. Wanda ya jira sai ya ga 'ya'ya sun fara iyo ya makara. Manoman Tailan kan yi amfani da gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza da aka tace ta ƙyalle, amma ɗigo ɗaya fiye da kima na iya ruɓar da ruwa ya kashe kowa.

Bayan kwana uku zuwa biyar sai a koma ga atemiya, ƙananan jatan landen ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansu a gwangwani, a ƙyanƙyashe su cikin kwana ɗaya a ruwan da aka zuba wa gishiri kimanin giram 25 zuwa 30 a kowace lita. Masu ƙyanƙyasar tarwada sun san shi, sun kuma san tsadarsa, domin daga waje yake zuwa, da yawansa daga babban tafkin gishiri na jihar Utah ta Amurka, kuma farashinsa na bin dala. Madadinsa shi ne ƙumar ruwa da ake kira moina, wadda ake renonta a kwatarniya da ɗan kashin kaji. Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa ta daɗe tana aiki a kan renon irin waɗannan halittu. A ganina, ɗalibin da ya iya riƙe kwatarniyar moina wata uku ba ta mutu ba ya fi wanda ya haddace sunayen kifi ɗari amfani ga jihar nan.

Abu na ƙarshe shi ne ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya, guba ce da ba a ganinta. Maganinta canza kaɗan daga ruwan a kai a kai, da siririn tiyo, a hankali, da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na ciki. Idan 'ya'yan sun kai wata biyu zuwa uku maza za su fara cizon juna, sai kowa ya koma tasa kwalbar.

Bazara, hunturu da fiya-fiya

Littattafan kiwon beta da aka rubuta a Turai sun fi damuwa da yadda za a ɗumama ruwa. Mu namu yanayin fuska biyu gare shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma 'yar kwalba a ɗaki mai rufin kwano tana bin zafin ɗakin cikin ɗan lokaci. Babban kifi na iya jure wa digiri 30 da ɗoriya, amma ƙwai da 'ya'ya ba sa jurewa, kumfar sheƙa ma saurin fashewa take yi. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 20 sosai. Kifin kan daina cin abinci, ya kwanta a ƙasa, cutar fararen ɗigo ta kama shi. Bambancin rana da dare shi ya fi illa, fiye da zafin ko sanyin kansa.

Saboda haka lokacin hayayyafa a wajenmu shi ne damina zuwa farkon kaka, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da zafin ɗaki ke kusa da abin da kifin ke so ba tare da na'ura ba. Kuma lokacin ne kifayen gulbi ma ke zuba ƙwai. A sauran watanni dabarar ita ce yawan ruwa: a jera kwalabe cikin babban baho mai ruwa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo da kwano. Da hunturu kuma kular soso da ake ajiye ƙanƙara a ciki tana riƙe ɗumi har safiya.

Hunturu na da wata illa ta daban. Gaɓar shaƙar iska ba ta kammala a jikin ɗan beta sai ya kai mako uku zuwa shida, kuma masu kiwo sun yi ittifaƙi cewa busasshiyar iska mai sanyi a wannan lokaci na kashe su da yawa. A rufe bakin akwatin da gilashi ko leda, a bar 'yar kafa, don iskar da ke saman ruwan ta zauna da ɗumi da laima. Rufin na kuma tare ƙura.

Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, sai an tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi sauƙi. Ruwan gonar shinkafa kuwa, duk da cewa irinsa ne gidan kifin na asali, ban ba da shawararsa ba, saboda maganin ciyawa da na ƙwari da ake fesawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 noman rani ya faɗaɗa a fadama, feshi ma ya ƙaru tare da shi. Haka nan cikin gida: ɗakin da ake yayyafa fiya-fiya ko ake kunna maganin sauro ba ɗakin kiwon kifi ba ne. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya guba ne ga kifi, ga shi kuma wannan kifi daga saman ruwa yake numfashi.

Maganar sauro ta kawo wani gargaɗi. Tsutsar sauro na cikin abincin da beta ya fi so, kuma masu kiwo a wasu ƙasashe kan ajiye ruwa da gangan don sauro ya yi ƙwai. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar Kebbi, adadi mafi yawa a Nijeriya. A irin wannan wuri bai halatta kowa ya reni sauro a tsakar gida ba. Kwatarniyar moina ma a rufe ta da gidan sauro.

Busasshen ganyen da masu kiwo na Asiya ke sakawa na itacen Terminalia catappa ne, itacen inuwar nan mai faɗin ganye da ake shukawa a harabar makarantu da ofisoshi, wanda yara ke fasa ƙwallonsa su ci. Yana rina ruwa kamar shayi, yana rage kaifinsa, yana kuma taimakawa wajen hana ruɓa. Ɗan'uwan baushe ne na jini.

Abin da masunta suka riga suka sani

Mutumin birni kan yi mamakin kifi mai gina sheƙa. Basarke ko Bakaben da ya tashi da homa da gora a hannu ba zai yi ba. Ya san balli, wanda wasu ke kira bargi, kan share fili a cikin ciyawar fadama idan ruwa ya hau, ya yi da'ira mai faɗin kimanin mita ɗaya da katangar karan ciyawa, iyaye su tsare ƙwai, sannan su yi ta rakiyar 'ya'yan da ke tafiya a dunƙule. Ya san ɗan sarki, wato yauni, na yin sheƙa mai yawo a kan ruwa da manyan ƙwai, kuma wanda ya matsa kusa zai sha cizo. Ya san namijin gaiwa na gadin ƙwai a rami cikin taɓo yana kaɗa wutsiya don ruwa ya motsa. Ya san wata karfasar a baki take renon 'ya'yanta. A kogunanmu akwai ma dangin beta na kusa, kifayen Ctenopoma masu irin gaɓarsa ta shaƙar iska, kuma wasu ƙananan 'yan'uwansu na Afirka, Microctenopoma, sheƙar kumfa suke yi kamar shi.

Abin da kimiyya ta rubuta game da waɗannan sheƙuna ta hannun masunta ya fito. John Samuel Budgett, masanin dabbobi daga Kambirij, shi ya bayyana sheƙar balli da ta yauni da ta gaiwa a kogin Gambiya wajajen 1900, kuma masuntan wurin ne suka kai shi inda suke. A 1903, a yankin bakin kogin Kwara, ya yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyin gartsa a hannu ya ga yadda ɗan ke girma. Ya koma Ingila da zazzaɓi, ya rasu a farkon 1904. Fiye da shekara 120 ke nan da aka nuna abin zai yiwu a ruwan Nijeriya.

Tsarin gargajiya na Kabi ma a kan sanin lokacin haihuwar kifi aka gina shi. Hana su a gulbin Matan Fada har sai Sarkin Ruwa ya buɗe, da al'adar fashin ruwa, hanyoyi ne na ba kifi sarari. Wannan na cikin abin da hukumar UNESCO ta yaba da shi lokacin da ta sa bikin Argungu a jerin al'adun duniya a 2016, bikin da aka faro a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Sai dai tsarin ya dogara ne da ambaliyar shekara-shekara. Madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo a kan Rima a 1984, sun canza yadda ruwa ke hawa fadama, kuma ciyawar da balli ke gini a cikinta ta zama gonar shinkafa a wurare da yawa. Hana kamu ba ya haifar da kifin da bai sami wurin yin ƙwai ba. Dole wani ya koyi yin abin da fadama ke yi, a cikin tanki.

Wa ke cin ribar kifinmu

Nijeriya na fitar da kifin ado ta Legas, amma kusan dukansa kamun daji ne. Talibambam da minjirya da kurungu da gartsa, waɗanda masunci ke jefarwa gefen jirgi ko ya sayar a tsibi, suna da masu nema a shagunan Jamus da Japan. Gartsar da ake gani a waɗannan shaguna yau, har da fara sol da aka ƙirƙiro ta hanyar zaɓe, yawancinta a gonakin Indunusiya da maƙwabtanta ake haifarta. Akwai wani ɗan kifi mai ɗigon ja, Fundulopanchax gardneri, da masu sha'awa a Turai ke kiwo shekara da shekaru suna kiran kowane iri da sunan garin da aka ɗebo shi: Makurɗi, Lafiya, Akure. Wani kuma, Pronothobranchius kiyawensis, sunan kogin Kiyawa na ƙasar Katagum yake ɗauke da shi. Mai kamu sau ɗaya ake biyansa. Wanda ya iya hayayyafarwa kuwa, da zarar ya mallaki iri ba ya sake waiwayar mai kamun.

Ba na cewa beta zai azurta kowa a Birnin Kebbi. Masu sayen kifin da ba a ci kaɗan ne a nan, kasuwarsa tana Abuja da Legas da Kano, a gidaje da otal-otal da ofisoshi. Haihuwa ɗaya na iya cika kwalba ɗari da ke son canjin ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, don haka wanda bai san inda zai sayar ba kada ya haɗa fiye da aure ɗaya. Abin da ke taimakonsa shi ne jure tafiya: a 'yar leda mai ruwa kaɗan da iska da yawa yana kai wa Abuja a mota lafiya lau, ciniki kuma ana iya ƙulla shi ta WhatsApp. Ya fi kama da kiwon tattabarun samari, inda ake zaɓen launi, ana musayar iri, ana samun na kashewa. Aiki ne kuma da matan aure za su iya yi a cikin gida.

Hattara biyu

Na farko faɗa. Tarihin kifin da caca ya faro, kuma yaro da ya ga maza biyu na baza wa juna fikafikai ta bayan gilashi zai so ya haɗa su. An ruwaito hani ga haɗa dabbobi faɗa a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi, haramcin caca kuwa ba ya buƙatar bayani. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu ko kifi don ado matuƙar ana ba shi haƙƙinsa na ci da kulawa. Wanda zai koyar da kiwon ya fara da wannan.

Na biyu ya fi girma. Kada a saki beta a gulbi, kada a zuba ruwan akwati a magudanar da ke kai wa fadama, kada a yi kiwonsa a kududdufin waje. Ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafar jihar nan ta nuna babu tafkin da ke gefen Rima da ruwa ba zai iya haɗewa da shi ba. A arewacin Ostareliya, a fadamar kogin Adelaide kusa da Darwin, beta da ya kuɓuce daga hannun masu kiwo ya kafa zuriya a daji. Afirka ma ta ba duniya misali: giwan ruwa irin namu da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen wurin. Fadamar Rima ta yi kama da gidan beta na asali fiye da yadda hankali zai kwanta.

Abin da ya kamata a gwada

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu duk suna da ɗaliban ilimin halittu da ke neman batun binciken kammala karatu. Ga ayyukan da ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. A ajiye ruwa daidai wa daida a akwatin gilashi da bahon roba da randar ƙasa, a riƙa auna zafinsa asuba da azahar tsawon shekara, a ga ko sanyayar da randa ke yi ta isa ta buɗe watannin bazara ga hayayyafa. A gwada ganyen baushe kafaɗa da kafaɗa da na Terminalia catappa. A raba 'ya'yan haihuwa ɗaya gida biyu, rabi a kan atemiya rabi a kan ƙananan moina da aka tace, a ƙirga waɗanda suka kai wata ɗaya.

Aiki mafi gaggawa ba ya buƙatar akwati ko ɗaya. A nemi izinin masarauta, a zauna da dattawan masunta na Argungu da ƙauyukan bakin gulbi, a rubuta daga bakinsu wane kifi ke gini a wace irin ciyawa, a wane zurfi, kwana nawa bayan hawan ruwa, da wuraren da aka daina ganin sheƙa. Daga nan ɗaliban da suka raya beta har ya kai sayarwa sai a ba su 'ya'yan balli. Matsalar kiwon balli a ko'ina a Afirka ta Yamma ita ce yawan mutuwar 'ya'yansa a makonnin farko, kuma abincinsu a wannan mataki ƙananan halittun ruwa ne irin moina. Gwajin farko a yi shi a watan Yuli ko Agusta, da 'ya'yan sheƙa ɗaya tak da Sarkin Ruwa ya amince a ɗiba, a raba su tankuna uku, kowanne da yawan abincinsa.